Masu shan miligiram 10 sun fi masu shan 5 hawan jini a bayanan da na tattara. Ta ina matsalar take?

Ɗalibar Famasi ta rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina shekarar ƙarshe a karatun harhaɗa magunguna, kuma aikin binciken da aka ba ni shi ne in bi fayilolin masu hawan jini a wani asibiti, in ga yadda amlodipin yake yi musu aiki. Na ware waɗanda ake ba miligiram 5 a rana gefe guda, masu miligiram 10 gefe guda, na ɗauki awon jinin kowa na zuwansa na ƙarshe, na fitar da matsakaicin kowane rukuni.

Abin da ya fito ya ɗaure mini kai. Masu shan 10 su ne jininsu ya fi hawa, kuma bambancin a fili yake, musamman a lambar sama ta awon jinin. Su ne kuma aka fi rubuta wa kumburin ƙafa a fayil. Wato a takardata, wanda ya fi shan magani ya fi ciwo, ya kuma fi shan illa. Na sake bin lissafin layi-layi, lambobin dai su ne.

Da na kai wa malamin da ke duba aikin, cewa ya yi kawai in je in yi tunani a kan wa ake ba 10, kuma saboda me. Na yi ta tunanin, amma ina so in ji daga bakin waɗanda suka san aikin. Shin akwai inda ƙarin magani yake juyewa ya ƙara ciwon da aka sha shi dominsa? In ba haka ba ne, me zan rubuta? Sai tambayar da ta fi damuna: su masu binciken asali, kafin magani ya iso hannunmu, ta yaya suke gane cewa 5 da 10 ne adadin da ya dace, ba 2 ko 20 ba? A aji an zana mana layin nan na yadda aikin magani ke ƙaruwa da ƙarin adadi, wanda ke hawa sannan ya kwanta, mun haddace shi, amma ban taɓa ganin yadda ake samo shi daga jikin mutane ba.

Tsohon Famasis ya amsa:

Wa alaikumus salam. 'Yata, lissafinki daidai ne, kuma amsar tana cikin tambayar malaminki. Ba ƙuri'a aka jefa aka ba wasu 5 wasu 10 ba, likita ne ya zaɓa. Kusan kowa da 5 ake fara masa. Wanda jininsa ya sauka, a bar shi a nan. Wanda ya dawo jinin na nan a sama, a ƙara masa zuwa 10. Don haka rukunin masu 10 da kika tara, taron mutanen da jininsu ke da taurin kai ne tun farko: masu ƙiba, masu ciwon ƙoda, dattawan da jijiyoyinsu suka yi tauri, da waɗanda ba sa shan maganin yadda aka ce amma ba su faɗa wa likita ba. Hawan jinin ne ya jawo musu miligiram 10. Mutumin da kika gani da 155 yana kan 10, mai yiwuwa da 165 yake lokacin da yake kan 5. Maganin ya yi aikinsa, yadda kika tsara kwatancen ne ya ɓoye shi.

Wannan tarkon ba ɗalibai kaɗai ya kama ba. An daɗe ana gwajin magungunan hawan jini ta irin wannan hanya: a fara wa kowa da kaɗan, a yi ta ƙarawa duk bayan ɗan lokaci har jini ya sauka ko illa ta hana ci gaba. A ƙarshen gwaji sai a tarar yawancin mutane suna kan babban adadi, sai a ce ai shi ne mai aiki. Alhali magani yana son lokaci, kuma saukar da aka gani a mako na huɗu wataƙila aikin adadin mako na biyu ne da ya makara. A 1994 hukumomin kula da magunguna na Amurka da Turai da Japan suka amince da ƙa'ida ta bai ɗaya a kan wannan batu, kuma tsarin da ta ba muhimmanci shi ne: a raba mutane gida-gida da ƙuri'a, kowane gida a tsayar masa da adadi guda har ƙarshen gwaji, a sa wani gida da ke shan ƙwayar da babu magani a cikinta, kuma daga majinyaci har likita ba wanda ya san abin da ake sha. Ƙuri'a ita ce take raba masu taurin jini daidai a kowane gida. Layin da aka zana muku a aji, daga irin wannan gwajin yake fitowa. Fayil ba ya iya ba da shi.

To me ya sa yake kwantawa? Yawancin magunguna suna aiki ne ta kama wasu gurabe a jikin ƙwayoyin halitta, guraben nan kuwa suna da iyaka. Amlodipin yana toshe ƙofofin da sinadarin kalsiyam ke bi ya shiga tsokar jijiyar jini, sai jijiyar ta saki. Da farko duk abin da aka ƙara yana samun wurin kamawa. Can gaba guraben sun kusa cika, sai ya zama kamar ƙasar da ta ƙoshi da ruwa, abin da aka ƙara zuba mata kwaranya yake yi. A lissafi mafi sauƙi da ake amfani da shi, a ce wani magani yana ba da rabin iyakar ƙarfinsa a miligiram 2. A miligiram 4 zai ba da kashi 67 cikin 100, a 8 kashi 80, a 16 kashi 89, a 32 kashi 94. Ninki na farko, da miligiram 2 kacal, ya ƙara kashi 17. Na ƙarshe, da miligiram 16, kashi 5 ya ƙara.

Kuma an ga haka a jikin mutane. A 2003 wasu masu bincike a Landan sun haɗa sakamakon gwaje-gwaje 354 na magungunan hawan jini. Rabin adadin da aka saba bayarwa ya sauke lambar sama da 7.1, cikakken adadi da 9.1, ninki biyu da 10.9. Daga rabi zuwa ninki biyu magani ya ninku sau huɗu, amma ƙarin saukar bai kai 4 ba. A 2009 suka nuna cewa haɗa magunguna biyu daga dangi daban-daban yana ƙara saukar da jini kusan sau biyar a kan ninka guda ɗaya.

Illa kuma nata layin daban ne, kuma ba dole ya kwanta a inda na amfani ya kwanta ba. Buɗe takardar bayanin amlodipin ta masu yin sa. A gwajin da aka tsayar da adadi, kumburi ya sami kashi 0.6 cikin 100 na masu shan ƙwayar da ba magani, kashi 1.8 a miligiram 2.5, kashi 3 a miligiram 5, sai kashi 10.8 a miligiram 10. Daga 5 zuwa 10 kumburi ya ninku fiye da sau uku. Ina so ki lura da wannan sosai: abu biyu kika gano a fayilolin nan, kuma ba matsayinsu ɗaya ba. Na hawan jinin ruɗi ne da zaɓin likita ya haifar. Na kumburin ƙafar kuwa ya yi daidai da abin da gwajin ƙuri'a ya nuna.

Bari in faɗa miki abin da ya fi ci mini rai a tarihin wannan fanni. Sau da yawa magani yakan shigo da adadin da ya wuce buƙata, sai bayan mutane sun sha wahala a rage. A babban gwajin hawan jini da aka yi a Birtaniya, wanda sakamakonsa ya fito a 1985, miligiram 10 na bendirofuluwazid aka ba mutane, aka yi ta ganin ciwon gaɓɓai na gawut, hawan sukari da raunin mazakuta. Yau miligiram 2.5 ake bayarwa, kashi ɗaya cikin huɗu. AZT, maganin farko na cutar HIV, an amince da shi a Amurka a 1987 a kan miligiram 200 duk bayan awa huɗu, dare da rana, wato 1,200 a yini. Majinyata suna sa agogo ya tashe su cikin dare, da yawa jininsu ya ƙone har sai an yi musu ƙarin jini. Zuwa 1990 gwaje-gwaje sun nuna miligiram 500 zuwa 600 na yin aikin da ƙarancin illa. Efabirenz, shi ma maganin HIV, ya yi shekaru a kan miligiram 600, sai wani gwaji na mutum 630 da aka buga a 2014 ya nuna 400 bai gaza shi ba wajen danne ƙwayar cutar, kuma waɗanda suka daina sha saboda illar maganin sun fi ƙaranci.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin da zai shiga babban gwaji na mataki na uku, abin da ya fi tsoro shi ne maganinsa ya kasa nuna fifiko a kan ƙwayar da ba magani. Idan ya ɗauki adadi daga can saman layi, ya tabbatar za a ga amfani. Illolin da ba su cika faruwa ba kuwa ba sa bayyana sosai sai mutane dubbai sun sha. Ni a ganina matakin neman adadi, mataki na biyu, shi ne aka fi yi wa gaggawa, kuma majinyaci ne yake ɗaukar nauyin gaggawar.

Likitar Yara ta amsa:

Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ba ni da ja a kan ko ɗaya daga misalanka, amma ina tsoron ƙanwata ta tashi daga nan da tunanin cewa ragi ne alheri kullum. Mu a ɗakin yara, kuskuren da ya fi cutar da mu ta ɗaya ɓangaren yake zuwa.

An daɗe ana fitar da adadin yara ta hanyar raba na manya da nauyin jiki, a ce miligiram kaza ga kowane kilo. Amma yaro ɗan shekara biyu ko uku yakan fitar da magunguna da dama daga jikinsa da sauri fiye da babba, in aka kwatanta kilo da kilo. Sai ka ba shi abin da takarda ta ce, abin da ya zauna a jininsa bai kai ba. Haka ta faru da fiferakwin, wanda ake haɗawa da dangin atemisinin don zazzaɓin cizon sauro. A 2013 aka haɗa bayanan majinyata fiye da 7,000 daga gwaje-gwaje daban-daban, aka ga yara 'yan shekara ɗaya zuwa biyar su ne zazzaɓin ya fi dawo wa, kuma dawowar tana da alaƙa da ƙarancin adadin da suka samu. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga adadin ga yaran da ba su kai kilo 25 ba. A 2015 ɗin kuma ta ce allurar atesunat ta zazzaɓi mai tsanani, yaron da bai kai kilo 20 ba a ba shi miligiram 3 ga kowane kilo maimakon 2.4. A idon mai karatu ɗan bambanci ne. Ga yaron da aka kawo yana suma, ba ƙaramin abu ba ne.

Rifamfisin na tarin fuka ma haka. Miligiram 10 ga kowane kilo, wato kusan 600 ga babba, an tsayar da shi tun shekarun 1970, lokacin maganin yana da tsada, kuma ba a bi layin har inda ya kwanta ba. A 2010 aka ɗaga na yara zuwa 15. A manya kuma wani gwaji a Tanzaniya da Afirka ta Kudu ya nuna miligiram 35 ga kowane kilo ya fi saurin share ƙwayar cutar daga majina. Saurin sharewa ba shi ne warkewa ba tukuna, shi ya sa ake ci gaba da gwaji, amma ya nuna shekara da shekaru ana tsaye a tsakiyar hawa. Kuma a cututtukan da ƙwayoyin cuta ke haddasawa, ƙarancin magani illa biyu gare shi: majinyaci bai warke ba, sannan ƙwayoyin da suka tsira su ne masu juriya, su za su yaɗu.

Ƙanwata, ƙara wannan a kan abin da Malam ya gaya miki: abin da aka haɗiye daban, abin da ke yawo a jini daban. Tsakaninsu akwai hanji, hanta da ƙoda. Fenitoyin na farfaɗiya shi ne misalin da nake ba ɗalibai. Sinadarin hanta da ke sarrafa shi yakan cika tun a adadin da ake bayarwa na yau da kullum, daga nan ɗan ƙari kaɗan sai matakinsa a jini ya yi tsalle, majinyaci ya fara tangaɗi, idanunsa na rawa. Wannan layin miƙewa sama yake yi.

Ko a manya, ba za a san amsa ba sai an gwada. Magungunan rage kitsen jini na dangin istatin, duk ninki yana ƙara rage kitsen da kusan kashi 6 cikin 100 ne kawai. Duk da haka, a gwajin mutum 10,001 masu ciwon zuciya da aka buga a 2005, manyan matsalolin zuciya da na jijiyoyin jini sun sami kashi 10.9 na masu shan atobastatin miligiram 10, kashi 8.7 na masu shan 80. A nan ƙarin ya yi rana. Amma simbastatin 80, da aka kwatanta shi da 20 a mutum dubu 12, ciwon tsoka mai tsanani ya kama 53 a babban adadi, 2 a ƙarami, ba tare da wata riba bayyananna ba, har hukumar Amurka ta taƙaita amfani da shi a 2011. Dangi ɗaya, lamba 80 ɗaya, hukunci biyu.

Ɗalibar Famasi ta sake rubutawa:

Baba, Likita, Allah ya saka da alheri. Yanzu na gane abin da malamina yake nufi. Na koma kan fayilolin da wannan idon, na ga kusan duk mai 10 akwai shafin baya da yake kan 5. Sauran tambaya biyu. Ta farko: duk misalan nan magani ya riga ya shiga jikin mutane ana gyara adadi. Ranar farko fa, da ba a taɓa ba ɗan Adam ba, wa ke yanke miligiram nawa? Ta biyu: aikina ya lalace ke nan, ko akwai abin da zan iya fitarwa daga waɗannan bayanan wanda zai tsaya da ƙafarsa?

Nas a Sashen Gwaji ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Na yi aiki a sashen gwajin mataki na farko, bari in ɗauki tambayarki ta farko.

Daga dabbobi ake farawa. Ana neman adadi mafi girma da bai yi wa dabba illa ba, a mayar da shi lissafin ɗan Adam bisa faɗin jiki, sannan a raba aƙalla gida goma. Abin da ya fito shi ne rufin da ba a tsallakewa a ranar farko. Sai a ba 'yan mutane kaɗan, galibi masu lafiya da suka yarda da kansu, mu kuma muna ɗibar jini awa bayan awa, muna auna zuciya, muna rubuta ko da ciwon kai ne. Kwamiti zai zauna a kan bayanan kafin a buɗe wa rukuni na gaba adadin da ya fi wannan.

Wannan lissafin ya taɓa gazawa. A Maris 2006 a Landan aka gwada wani magani mai suna TGN1412, wanda ke zaburar da garkuwar jiki. Maza takwas, shida suka sami maganin, biyu suka sami ruwan da ba magani. Adadin ya gaza wanda birai suka ɗauka lafiya har sau 500, amma an yi musu allurar ɗaya bayan ɗaya, tazarar mintuna kaɗan. Cikin awoyi duka shidan suka faɗa mummunan hali, gaɓoɓin cikinsu suna kasawa, aka kai su ɗakin kulawa ta musamman. Sun rayu, amma da wuya. Da aka yi lissafi daga baya, ɗan adadin nan ya isa ya kama kusan kashi 90 cikin 100 na guraben da maganin ke nema. Ka ga a layin da Baba ya bayyana, a can sama aka fara. Tun daga nan, ga magunguna masu irin wannan haɗari, ana farawa ne daga adadin da da ƙyar zai motsa wani abu a jiki, kuma mutum ɗaya ake fara ba, a jira a gani kafin a ba saura. A Janairu 2016 a birnin Ren na Faransa wani mutum ya rasu a gwajin wani magani, a rukunin da ake ba miligiram 50 kullum, kuma ƙwararrun da suka bincika sun ce adadin ya wuce da nisa abin da ake buƙata don toshe sinadarin da aka nufa.

Ciwon daji tsarinsa daban, majinyata ne ke shiga tun matakin farko. Tsohuwar hanya ita ce a ba mutum uku. In ba wanda ya sami mummunar illa a hau, in ɗaya ya samu a ƙara uku, in biyu suka samu a tsaya a koma na ƙasa. Abin da ake nema shi ne iyakar abin da jiki zai jure. Ga tsofaffin magungunan da ke kashe duk ƙwayar halitta mai saurin rabuwa, akwai hikima a ciki. Ga sababbi masu kama gurbi guda, sau da yawa gurbin ya cika tun kafin a kai iyakar juriya. Sotorasib na dajin huhu an amince da shi a Amurka a 2021 a kan miligiram 960, ƙwaya takwas a rana, alhali matakinsa a jini kusan ɗaya ne tun daga 180. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta wajabta wa kamfanin ya kwatanta shi da 240, kuma a shekarar ta ƙaddamar da shiri na musamman don a riƙa kwatanta adadi fiye da ɗaya kafin babban gwaji. Ni da na ga yadda gudawa da amai ke sa majinyaci ya ajiye maganin da zai iya ƙara masa kwana, ina ganin an makara da wannan gyara.

Tsohon Famasis ya sake amsawa:

Likita, maganarki gaskiya ce, kuma na ji daɗi da kika kawo ta. Inda muka haɗu da ke shi ne, a misalaina da naki duka, an tsayar da lamba ba tare da an gwada ta da maƙwabtanta ba. Ga wani na kusa-kusa. A 2020 wani babban gwaji na Birtaniya ya nuna deksametason miligiram 6 a rana ya rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mutane da yawa suka yi zaton in 6 ya yi haka, 20 zai fi. Sai aka gwada da ƙuri'a a waɗanda ke kan iskar oksijin kawai: kashi 19 cikin 100 suka rasu a babban adadi, kashi 12 a wanda aka saba. 'Yata, ga amsar tambayarki ta can farko, akwai inda ƙari yake juyewa ya yi ɓarna. Amma ba irin abin da fayilolinki suka nuna ba ne.

Aikinki bai lalace ba, tambayar za ki canza. Daina kwatanta masu 5 da masu 10. Ɗauki waɗanda aka ƙara wa magani, ki kwatanta kowa da kansa: awonsa kafin ƙari, da awonsa bayan ƙari. Amlodipin yana daɗewa a jiki, sai ya yi awa 30 zuwa 50 kafin rabinsa ya fita, kuma yana ɗaukar kwana bakwai zuwa takwas kafin matakinsa ya daidaita a jini. Saboda haka duk awon da aka yi kafin mako biyu da ƙari, ajiye shi gefe.

Akwai tarko a nan ma, kuma wannan karon zai sa maganin ya yi kamar ya fi ƙarfinsa. Likita yana ƙara magani ne a ranar da awo ya yi sama, jini kuwa yana hawa da sauka da kansa. Ranar da ya fi ta'azzara, zuwa na gaba yakan sassauto ko da ba a taɓa komai ba. In fayil yana da awo biyu ko uku kafin ranar ƙarin, ɗauki matsakaicinsu, kada ki dogara da na ranar kaɗai. Duba kuma takardun karɓar magani in akwai, domin wanda aka rubuta wa wata ɗaya bai dawo ba sai bayan wata uku, ba 10 yake sha ba, ko me fayil ya ce. Sakamakonki na farko kuma kada ki jefar da shi. Sa shi a cikin rahoton, ki bayyana dalilin da ya sa ya fito a juye, ki jera shekaru, nauyi da ciwon ƙoda ko na sukari na rukunonin biyu gefe da gefe, mai karatu ya ga da idonsa cewa ba irin mutane ɗaya ba ne.

Ɗalibar Famasi ta ƙara:

To Baba. Na fara ware su. Amma da yawa a ranar da aka ƙara musu amlodipin an haɗa musu da wani maganin hawan jinin na daban. In cire su ne?

Tsohon Famasis ya amsa:

Cire su daga babban lissafin, domin ba yadda za ki raba aikin wannan da na wancan. Amma ki ƙirga su, ki rubuta yawansu da dalilin cirewa, ki kuma nuna awonsu na farko. Akwai yiwuwar su ne mafiya tsananin ciwo, kuma in haka ne, sakamakonki zai shafi masu matsakaicin hawan jini ne kawai, sai ki faɗi hakan a fili tun a taken aikin.